PlayStation, Xbox ko kwamfuta: wacce ta dace da wutarka da datarka?

Wanda ya tara kuɗi zai sayi na'urar gem, abin da yake fara tambaya shi ne wacce ta fi ƙarfi. A wajenmu wannan tambayar can baya take. Akwai maganar wuta a gabanta, akwai data, akwai kuma abin da abokanka suke bugawa. In ka warware waɗannan, za ka ga zaɓin ya ragu da kansa tun kafin ka taka kasuwa.

Mu fara da wuta. PlayStation 5 (PS5), wadda Sony ya fitar a Nuwamban 2020, tana jan wajen wat 200 idan gem ya yi zafi. Xbox Series X ma ba ta yi nisa da hakan ba. Ƙanwarta Series S ba ta kai wat 100 ba, Nintendo Switch kuwa ko 20 ba ta ci. Kwamfutar tebur da aka haɗa don gem, mai katin hoto na kirki (ɓangaren da ke fitar da hoton gem), tana iya haura 300 ba tare da an sa allo a lissafi ba. Mai inbata ya ɗauki biro ya lissafa. Batirin bolt 12 mai amfiya 100 yana riƙe da wutar wat 1,200 na awa guda, kuma in na ruwa ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. PS5 da talabijin za su cinye wannan rabin cikin kamar awa biyu, Series S da talabijin ɗin nan za su kai ka wajen awa huɗu. Wannan bambanci ba a rubuta shi a jikin kwali, amma shi za ka riƙa gani kowane dare.

Ƙaramin janareta na iya ɗaukar kowacce a cikinsu. Matsalarsa wutar ce ba ta tsayawa wuri guda, sannan yana mutuwa ba sallama. In wuta ta ɗauke wa PS5 tana tsakiyar aiki, da ka sake kunna ta za ta tsaya gyara rumbunta, ta kuma ja maka kunne. Sau ɗaya ko biyu ba komai, amma in ya zama kullum, wata rana abin da ka ajiye na gem zai lalace. Saboda haka kuɗin UPS, akwatin batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, yana cikin kuɗin na'ura. Kuma a kashe ta gaba ɗaya in an gama, kar a bar ta a yanayin barci ana dogaro da NEPA.

Data ce ke kayar da mutane da yawa. Series S ta fito a kan dala 299, a lokacin da PS5 mai faifai da Series X suke dala 499, shi ya sa take jan ido. Sai dai ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan, duk gem sai ka sauke shi. Manyan wasannin yanzu kuwa ba sa wasa da data: Red Dead Redemption 2 ya haura GB 100, haka ma Call of Duty in ka sauke shi duka. Rumbun Series S ta farko GB 512 ne a rubuce, abin da ke zuwa hannunka bai kai 400 ba, don haka za ka riƙa goge wannan ka sauke wancan, kowane gogewa kuma data ce za ka sake saya. Ƙarin rumbu na Xbox kati ne na musamman mai tsada, alhali PS5 tana karɓar rumbun SSD irin na kwamfuta, mai suna M.2, ka kwance murfi ka sa. In kana da intanet marar iyaka a gida ko a ofis, Series S ciniki ce mai kyau, musamman da tsarin Game Pass da ake biya wata-wata a buɗe maka tarin wasanni. In data ta waya kake saya, arharta za ta zame maka tsada.

Shi ya sa nake fifita PS5 mai faifai ga yawancin masu saye. Faifai dukiya ne: ka gama ka sayar, ka yi musaya da aboki, ka samu na gwanjo da rahusa. Ba wai ya raba ka da intanet ba ne, domin kusan kowane gem yana neman sabuntawa bayan ka sa shi, amma nauyin ya ragu sosai. A kula da nau'in da ake miƙo maka. Siririyar PS5 ta 2023 tana da rumbun TB 1, kuma ana iya saya mata mazubin faifai daban a maƙala, sai dai dole a haɗa ta da intanet sau ɗaya kafin ya fara aiki. PS5 Pro ta Nuwamban 2024, wadda ta fito a dala 699, babu mazubin faifai a kwalinta. In talabijin ɗinka inci 32 ce ta talakawa, kuɗin Pro asara ne, idonka ba zai ga abin da ka biya ba.

Akwai kuma ciwon kan asusu. Shagon PlayStation ba shi da Najeriya ko Nijar a jerin ƙasashensa, don haka mutane kan buɗe asusun Amurka ko Ingila su riƙa sayen katin kuɗi suna lodawa. Faifan kowace ƙasa zai yi aiki a na'urarka, amma ƙarin kayan da ake saya cikin gem sai yankinsu ya dace da na faifan. Ka sayi faifan Turai, ka sayi ƙarinsa a asusun Amurka, kuɗi sun tafi. Bugawa da mutane ta intanet ma sai ka biya kuɗin tsarin PlayStation Plus ko makamancinsa a Xbox, ban da wasannin kyauta irin su eFootball na ƙwallo da Fortnite.

Tunda an ambaci ƙwallo, ita ce dalilin sayen na'ura ga mafi yawanmu. PES ya koma eFootball a 2021, FIFA kuma ya koma EA Sports FC a 2023 bayan EA ya rabu da hukumar FIFA. Wanda burinsa ya tara abokai a ɗaki a yi ta ihu, PS4 ta gwanjo za ta ishe shi, duk da cewa tun 2013 take. Amma ka tambayi abokanka tukuna. A FC, 'yan PS4 da 'yan Xbox One suke haɗuwa ta intanet, 'yan PS5 kuma da 'yan Series da kwamfuta. Gem ɗin GTA VI ma, PS5 da Xbox Series aka sanar masa, babu PS4.

Kwamfuta fa? Nan ne hankalin mai son fasaha ya fi karkata, kuma da hujja. Da ita za ka yi aikin ofis, ka tace bidiyo, ka koyi rubuta manhaja, dare ya yi ka buga gem. Ba ka biyan kuɗin wata don bugawa ta intanet, shagon Steam yana karya farashi lokaci-lokaci, shagon Epic kuma yana raba gem kyauta kowane mako. In wani ɓangare ya tsufa, shi kaɗai za ka canja. Amma tana son mai haƙuri. Za ka zauna zaman kallon gem sai ka tsinci kanka kana gyaran direba, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto. Kuma da kuɗin PS5 da wuya ka haɗa sabuwar kwamfuta da za ta kamo ta, tunda katin hoto matsakaici kamar RTX 4060 shi kaɗai dala 299 ya fito a 2023.

Laftof ɗin gem tana da abu guda da PS5, Xbox da kwamfutar tebur ba su da shi: batir a jiki, wuta ta ɗauke ba ta mutuwa. Kar dai ka ɗauka za ka yi ta bugawa a kan batir, ƙarfinta raguwa yake da zarar an zare caja, kuma awa ɗaya zuwa biyu ya ƙare. Katin hoton laftof ma sau da yawa bai kai na tebur mai irin sunansa ba. Mai sayen ta gwanjo ya duba zamanin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar: Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel ƙarni na 8 zuwa sama. «Core i7 ce» ba amsa ba ce, ka tambayi ƙarni na nawa.

Na riƙewa a hannu, Switch da Steam Deck, su ne suka fi dacewa da unguwar da wuta ke zuwa kamar baƙo. Switch ta masu son Mario da Zelda ce da gidan da ke da yara, sabuwarta Switch 2 ta fito a Yunin 2025. Steam Deck na kamfanin Valve ƙaramar kwamfuta ce mai Linux, tana ɗaukar dubban wasannin Steam, amma FC da Fortnite ba sa tashi a tsarinta saboda manhajar hana maguɗi. Ɗan ƙwallo ya wuce ta.

In ta gwanjo za ka saya, ko a Farm Centre ta Kano ne ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, kar ka biya sai an kunna a gabanka. A haɗa ta da intanet a shiga asusu, domin na'urar da aka toshe ba za ta sake shiga ba. A sa faifai ka ga ta karɓa ta kuma fito da shi. Bari gem ya yi minti ashirin kana sauraren fanka, in ta fara ruri to ƙura ta cika ta, kuma hunturu zai ƙara mata. Duba ramin HDMI ko ya yi lakwaf. Wadda aka ce maka «an zuba mata gem ashirin», tambayi yadda aka zuba. In kutse aka yi mata, ba sabuntawa ba bugawa ta intanet. In kuma da asusun wani aka zuba, ranar da mai asusun ya janye, alamar kwaɗon kulle za ka gani a kan kowane gem.

Hannun gem ma a gwada shi. Ajiye shi a tebur kar ka taɓa, ka kalli allo. In ɗan wasa ya fara tafiya shi kaɗai, sandar ta lalace, cutar da ta addabi DualSense, hannun PS5, da hannun Switch. Sannan ka ware kuɗin na biyu tun farko, kwali da guda ɗaya yake zuwa, kuma DualSense dala 70 ya fito. Mai tsohon hannun Xbox One ya huta, zai yi masa aiki a Series. Na PS4 kuwa, a kan PS5 wasannin PS4 kaɗai yake bugawa.