Na leƙa rumbun tsoffin fitowar mujallar TIME, ga abin da na gani

Wani hoto ne ya ja ni ciki. Kun san bangon nan na TIME mai ɗauke da Sir Abubakar Tafawa Balewa, fitowar 5 ga Disamba 1960, wanda duk shekara sai an sake yaɗa shi. Kowa bangon yake turawa, ban taɓa ganin wanda ya turo abin da aka rubuta a ciki ba, sai na ce to bari in je in nemo da kaina tunda dai an ce mujallar ta zuba tsoffin fitowarta a intanet. Niyyata in karanta labari ɗaya in fita, amma wallahi sati uku ke nan kusan kullum da dare sai na koma, daga wannan shekara in faɗa waccan, shi ya sa na ga ya dace in faɗa wa masu sha'awar tarihi yadda abin yake.

Sunan wurin TIME Vault, a shafin mujallar yake. Bangon kowace fitowa na nan a jere shekara-shekara tun daga ta farko, 3 ga Maris 1923, kuma tsoffin labaran ma suna nan a rubuce. Tun watan Yuni na 2023 suka cire shingen biyan kuɗi daga shafin nasu, wannan kam sun kyauta, don akwai manyan jaridun da ko layi biyar ba za ka karanta ba sai an ce kawo kati. Shawarata dai in da hali a yi amfani da kwamfuta, don labaran bango na da can dogaye ne sosai, a waya sai ido ya gaji.

Fitowar farkon nan shafi 32 ce, senti 15 ake sayar da ita, a bangon kuma zanen wani dattijo ne Joseph Cannon, tsohon kakakin majalisar wakilan Amurka da ke barin majalisa a lokacin. Samari biyu ne suka kafa ta, Briton Hadden da Henry Luce, abokan karatu daga jami'ar Yale, ba wanda ya wuce shekara 25 a cikinsu. Ba su da wakili ko ɗaya a waje, jaridun sati suke tarawa musamman New York Times su tsakuro su sake rubutawa a gajarce su rarraba gida-gida, wannan na harkokin ƙasa, wannan na ƙetare, wannan na addini, wannan na kimiyya. In ka karanta na shekarun 1920 za ka ji wani irin Turanci mai tsalle-tsalle, jimla a juye, kowane mutum sai an laƙa masa siffa kafin a ambaci sunansa, wannan salon Hadden ne, shi kuma bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1929 yana da shekara 31, daga nan komai ya dawo hannun Luce. Jan layin da ya zagaye bangon ma ba da shi aka fara ba, sai a 1927 ya shigo, kana gangarowa a jerin za ka ga daidai inda ya fara.

To ga abin da ya fi tsaya min a rai, kuma shi ne dalilin wannan rubutun. Da na buɗe labarin Balewa abin da na fara dubawa shi ne wa ya rubuta, babu suna. Na duba wasu na wannan zamanin, su ma babu. Ashe haka tsarin gidan yake shekara da shekaru: wakili yana can inda abin ke faruwa ya aiko da dogon rahoto ta waya, wani marubuci da ke zaune a ofis a New York wanda wataƙila bai taɓa taka ƙasar ba ya haɗa da na wasu ya rubuta labarin, edita ya gyara, babban edita ya sake gyarawa, sai abin ya fito da murya ɗaya kamar mutum guda ne ya san komai na duniya. Sai wajen shekarun 1970 aka fara sa sunayen marubuta. Ma'ana abin da kake karantawa a rumbun nan ba lallai ne ya zama abin da wakilin ya gani da idonsa ba, abin da teburin edita ya yarda ya fita ne. Kuma wannan ba zargina ba ne, abu ne da ya faru a fili. Luce a Sin aka haife shi, iyayensa 'yan mishan ne, kuma yana matuƙar ƙaunar Chiang Kai-shek, jagoran Sin na lokacin, har mujallar ta ba Chiang da matarsa gwarzayen shekarar 1937. Wakilinsu a can, Theodore White, wanda ya ga yunwar lardin Henan a 1943 da idonsa, yana aiko da rahoton ruɓewar gwamnatin Chiang, a New York kuma ana sassauta abin ko a juya shi, musamman lokacin da Whittaker Chambers ke riƙe da sashen labaran ƙetare, har dai White da Luce suka raba gari. Haka aka sake yi a Biyetnam a 1963, wakilinsu Charles Mohr yana cewa yaƙin nan fa ba a cin nasara, gidan ya ƙi, har ma aka buga wani rubutu na sukar 'yan jaridar da ke Saigon, shi kuma ya ajiye aiki ya koma New York Times. Yanzu ka ɗauki ɗalibin da ya shiga rumbun nan ya kwafo fitowar 1944 a kan Sin ya ce ga abin da ya faru, bai san wannan rigimar ba, ai an yi masa sakiyar da ba ruwa.

Ban ce ƙarya ce cike da shi ba fa, a'a. Ta fannin sunaye da ranaku da alƙaluma sun yi ƙoƙari ƙwarai, don tun farkon kafuwarta suna da masu tantance bayanai, kowace kalma sai an ɗiga mata ɗigo a sama alamar an bincika. Kuma kusan duk mata ne ke wannan aikin, masu digiri daga manyan jami'o'i, su ne ke bin diddigi, amma rubutu da mukamin edita na maza ne, sunan matan sai dai a jerin ma'aikata da ƙananan haruffa. Sai a 1970 matan kamfanin suka kai ƙara a kan wariya, 'yan watanni bayan na mujallar Newsweek sun yi tasu. Kuma sai a 2013 mace ta fara shugabantar ɗakin labaran, Nancy Gibbs, shekara 90 cif bayan kafa mujallar. Abin ya taɓa ni gaskiya, duk lokacin da na ga kwanan wata daidai a wani tsohon labari sai in tuna akwai wata baiwar Allah da ta kwana a kansa ba wanda ya san ta. Amma ɗigo kalma yake tantancewa, ba ya tantance inda labarin ya karkata. Kowace kalma za ta iya zama daidai alhali an zaɓi wanda za a yaba da wanda za a muzanta tun kafin a fara rubutu.

Inda za ka fi jin wannan shi ne labaran Afirka da ƙasashen Musulmi na shekarun 1930 zuwa 1960. Akwai kalmomi da kwatance na raini da yau ba editan da zai bari su wuce, wani wurin sai ka ajiye ka yi shiru tukuna. Ni dai na fi son da aka bar su yadda suke ba a goge ba, don shi ne amfanin rumbu, ka ga yadda masu karatu a Amurka suke samun labarinmu a lokacin, da irin tabarau ɗin da aka sa musu. Ka jera bangon Nkrumah na 1953, na Balewa na 1960, na Ojukwu na 23 ga Agusta 1968, ka karanta su bi da bi, za ka ga yadda yaƙin cacar baka ke leƙowa ta ko'ina, kusan kullum tambayar da ke ƙasa ita ce wannan shugaban namu ne ko na Rasha.

Sashen gwarzon shekara kuwa shi ne ya fi daɗin yawo. An fara da matuƙin jirgi Charles Lindbergh na 1927, wanda suka yi sakacin sa shi a bango lokacin da ya tsallaka Atlantika shi kaɗai, sai suka rama a ƙarshen shekara, daga nan abin ya zama al'ada. Haile Selassie ne na 1935, shekarar da Italiya ta auka wa Habasha. Hitler 1938, Stalin sau biyu 1939 da 1942, Sarki Faisal na Saudiyya 1974 bayan rikicin man fetur, Sadat 1977, Khomeini 1979 wanda ya jawo Amurkawa da yawa suka soke rajistarsu don a lokacin ana garkuwa da mutanensu a Tehran. Mutane na ɗauka lambar yabo ce, su kuma cewa suke wanda ya fi tasiri a labaran shekara ne ko ta alheri ko ta sharri. Sai a 1999 suka sauya sunan daga na namiji zuwa wanda ya haɗa kowa. Akwai kuma bangon 8 ga Afrilu 1966, baƙi ƙirin da jan rubutu ba hoto, da wata tambaya a kan Ubangiji da ba zan iya maimaita ta ba, ya tada ƙura sosai a lokacin. Sai na O.J. Simpson, tsohon ɗan wasa baƙar fata da aka kama bisa zargin kisa, a Yuni 1994 da aka ƙara wa hoton duhu, Newsweek kuma ta buga hoton nan ɗaya ba tare da taɓawa ba, aka jera su gefe da gefe a wurin masu sayar da jarida kowa ya gani, dole editan ya fito ya ba da haƙuri.

Ga wasu 'yan dabaru da za su rage wa mai nema wahala. Kwanan watan da ke bango yana gaba da ranar da mujallar ta fita kasuwa da kusan sati, kuma abin da ya faru yau sai a fitowa ta gaba za ka same shi. Misali an harbe Kennedy ranar 22 ga Nuwamba 1963, labarin yana fitowar 29 ga wata, kuma kar ka nemi hotonsa a bango, Lyndon Johnson da ya gaje shi ne a kai. Gwarzon shekara na da ma a fitowar farkon Janairun shekara mai bi yake, na Haile Selassie a Janairun 1936 za ka gan shi. Sannan ka nemi abu da sunan da ake kiransa a lokacin, Ghana kafin 1957 Gold Coast ce, Beijing Peking ce, Musulmi kuma Moslem suke rubutawa, in ka sa rubutun yanzu za ka ɗauka babu alhali yana nan jibge. Kuma suna da bugun ƙasashen waje da wani lokaci bangonsa daban da na Amurka, don haka bangon da wani ya tuna ya gani ba lallai ya zama shi ne na gida ba a wannan satin.

Abin da rumbun intanet ɗin ba zai ba ka ba shi ne bayan fage, wato ainihin rahotannin wakilai kafin a taɓa su, da takardun da editoci ke aika wa juna, da wasiƙun Luce wanda ya riƙe ragamar gidan har 1964 ya rasu a 1967. Waɗannan a takarda suke. A 2015 kamfanin ya miƙa tarin takardunsa, wajen miliyan 7, ga gidan adana tarihi na New-York Historical Society, akwai kuma tarin rahotannin wakilai na tun shekarun 1940 a ɗakin karatu na Houghton a jami'ar Harvard. Mai bincike na gaske can zai dosa ya ajiye abin da wakili ya aiko kusa da abin da aka buga ya ga me aka cire me aka ƙara. Ni babban burina ke nan a kan wannan rumbun, a ce wata rana ka danna labari ka ga rahoton asali a gefensa, ko da na manyan labarai ne kawai.

Ita kanta mujallar ta sha sauya hannu, ta haɗe da kamfanin Warner a 1990, ta bi ta hannun kamfanin Meredith, a 2018 Marc Benioff da matarsa Lynne suka saye ta dala miliyan 190, kuma tun 2020 ta daina fita duk sati ta koma bayan sati biyu, za ka lura da hakan a jerin, shekarun baya-bayan nan bangon ya ragu.

In maki ake so zan ba shi huɗu cikin biyar. Malamin tarihi, ɗan jarida, ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu, duk za su amfana, da sharaɗin kowane labari aka ɗauko a haɗa shi da wata majiya ta mutanen da abin ya shafa. Wanda zai fara, ya fara da fitowar satin da aka haife shi, ya karanta har wasiƙun masu karatu, don a nan ne za ka ga mutane na mayar wa editoci martani, wani lokaci ma da gyaran kuskuren satin da ya wuce. Ni yanzu ina kan 1956, rikicin mashigin Suwez, ina bin yadda suke kwatanta Nasser daga fitowa zuwa fitowa tun daga Yuli da ya ƙwace mashigin har zuwa Nuwamba.