iPhone ko Samsung: wacce ta fi jure afdet a zafin Makka?

Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, tuƙi ne ya riƙe ni, sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba: iPhone 12 ce a hannunta, ranar Juma'a ta yi afdet, wato ta sauke sabon tsarin wayar mai suna iOS 26, tun daga nan in ta zare wayar daga caji bayan Asuba, kafin a kira Azahar batir ya koma ja. Shi kuma Alhaji Galaxy A54 yake riƙewa, ya yi nasa afdet ɗin a watan jiya, ta sha masa caji na 'yan kwanaki sannan ta dawo hayyacinta. Shi ne take tambaya ko ta sayar da tata ta koma Samsung, tunda da wayar take cinikin abaya da turare da mutanen Kano da Damagaram.

Kada ki sayar tukuna. Na yi shekaru ina gyaran waya a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, kafin in zo nan Saudiyya (a nan kam ba dama, tun 2016 aka keɓe wa 'yan ƙasa sana'ar), kuma mafi yawan wayoyin da aka kawo mini ana tsine wa afdet, da na buɗe sai in tarar an bar jaki ne ana dukan taiki.

A kwanakin farko babu wadda ta fi wata. Waya bayan babban afdet kamar amarya ce da ta tare jiya, kaya duk a ƙulle, sai an kwance an jera. iPhone takan bi duk abin da ke cikinta ta sake lissafa shi domin in kin nemi abu ta same shi da sauri, ta sake duba hotuna ɗaya bayan ɗaya tana tantance fuskoki da rubutu. Ki tuna yawan hotunan abayar da ke cikin taki. Apple da kansu, da suka saki iOS 26 ranar 15 ga Satumba 2025, sun rubuta cewa wayar za ta iya yin ɗumi ta sha caji na ɗan lokaci. Samsung ma haka, sai dai nata aikin daban ne: Android yana sake gyara wa kowace manhaja zama domin ta dace da sabon tsarin, kuma yawancin wannan aiki sai wayar tana kan caji ba a taɓa ta yake yin sa. Shi ya sa maganin farko ɗaya ne ga duka biyun: ki jona ta da daddare, ki bar Wi-Fi a kunne, ki ƙyale ta ta kwana, dare biyu ko uku. Abin da ya faru da ta Alhaji ke nan, ba wani sirri ba ne na Samsung. Ke kuwa yau kwananki huɗu kacal.

Amma fa tseren da kika haɗa ba na adalci ba ne. iPhone 12 ta fito a Oktoban 2020 da batir mai 2,815 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka). A54 ta fito a Maris ɗin 2023 da mai 5,000. Gaskiya ne iPhone ta fi iya tattalin ɗan abin da take da shi, don haka lambobin ba sa faɗin komai da komai, amma shekaru ba sa ƙarya. Apple sun ce batirin iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, sai daga iPhone 15 suka ɗaga zuwa 1,000. Mai yini tana kiran bidiyo tana nuna wa kwastoma kaya, tana cinye caji ɗaya cur kullum, kafin shekara ɗaya da rabi ta ƙure 500 ɗin. Tsohon batir yana iya lallaɓawa da tsohon tsari ba ki ankara ba. Ranar da aka ɗora masa sabo mai nauyi, mai ƙyale-ƙyale kamar gilashi a fuska, sai asirinsa ya tonu.

A nan ne iPhone ta yi wa Samsung fintinkau, kuma shi ne dalilin da ya sa na ce ki dakata. Ita tana faɗa miki gaskiya da lamba. Ki shiga saitin, ki taɓa wajen batir, ki shiga inda aka rubuta lafiyar batir, za ki ga kashi nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali. In ya yi ƙasa da 80, ita da kanta za ta rubuta miki cewa yana buƙatar canji. A yawancin wayoyin Samsung kuwa sai ka buɗe manhajar Samsung Members ka shiga gwajin waya, a ba ka kalma ɗaya, mai kyau ko mai rauni, shi ke nan. Kamar ka je asibiti likita ya ce "da sauƙi" bai gwada jininka ba. Tecno da Infinix da 'yan uwanmu ke zuwa da su daga gida, su ma galibi sai dai ka yi kirdado.

Ba don Allah Apple suka saka wannan lamba ba, kunya ce ta sa. A Disambar 2017 suka amsa cewa wani afdet nasu yana rage wa iPhone 6 da 6s gudu idan batir ya tsufa, wai don kada su riƙa mutuwa haka kawai, kuma ba su gaya wa kowa ba. Duniya ta yi musu ca. Suka sauko da kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29 na tsawon 2018, suka ƙara shafin lafiyar batir a iOS 11.3, Faransa kuma ta ci su tarar yuro miliyan 25 a 2020. Kada Alhaji ya yi saurin dariya: a Oktoban 2018 hukumar Italiya ta haɗa su biyun ta ci tara kan afdet da ke nauyaya wa tsofaffin wayoyi, Apple yuro miliyan 10, Samsung miliyan 5. Google ma a Janairun 2025 sun saki afdet da ya rage wa wasu Pixel 4a ƙarfin batir da gangan, suka biyo baya da tayin canji kyauta. Wato zarginki ba shirme ba ne, ruwa ba ya tsami banza. Sai dai irin wannan ba kullum yake faruwa ba, kuma ko a waɗancan lokutan galibi batirin ne tushen matsalar.

Maganar komawa tsohon tsari, ki cire ta a ranki. Apple sukan rufe ƙofar bayan 'yan kwanaki da sakin sabo, ko wane gwani ne ba zai mayar miki ba. A Samsung akwai masu cewa za su yi filashin da kwamfuta, wani lokaci ya yiwu, sau da yawa wayar ta ƙi, kuma komai na ciki zai tafi. Mai hirar kwastomomi da lissafin bashi a WhatsApp ba ta wasa da wannan.

Inda Samsung ta rama shi ne wajen ba ka linzami. Za ka iya ɗaukar manhajar da ke shan caji a ɓoye ka sa ta barci mai nauyi, ba za ta motsa ba sai ka buɗe ta da hannunka. Za ka iya cewa caji ya tsaya a kashi 80 ko 85 kada ya wuce, wanda yake ƙara wa batir kwana sosai, kuma har ƙananan wayoyinsu suna da shi. A iPhone sai daga 15 aka ba mutane wannan iyaka. Taki abin da take da shi kawai, takan jinkirta a 80 da daddare ta cike daf da lokacin tashinki, kuma sai ta gane tsarin barcinki take yin hakan. Mu da ke nan, yau an kwana a Harami gobe an kwana a kasuwa, balle a Ramadan, ina za ta gane? Duk da haka ba a bar ki hannu rabbana ba. A shafin batir ɗin nan akwai jerin manhajoji da abin da kowacce ta sha. In kin ga wadda ba ki buɗe ba tana sama, ki sabunta ta, domin sau da yawa tsohuwar manhaja ce ke faɗa da sabon tsari, sannan ki hana ta aiki a bayan fage. Ki kuma mayar da layinki kan 4G na kwana biyu ki gani. iPhone 12 ce ta farko da suka sa wa 5G, kuma ba ta iya shi da tattali ba. A cunkoson Harami bayan Isha, inda dubban wayoyi ke kokawa kan sabis ɗaya, kowace waya ƙara ƙarfi take yi tana neman hanya, ko STC ne layin ko Mobily ko Zain.

Yanzu ga abin da ya fi afdet ɓarna, wanda bai san iPhone ba bai san Samsung ba: rana. Apple sun rubuta cewa zafin da ya haura digiri 35 yana iya yi wa batir lahanin da ba ya gyaruwa. Talatin da biyar! Mu nan wannan ai sanyin safiya ne a watan Yuli. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Masallacin Harami, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ni kaina na gani a kan tawa. Na maƙala ta a gilashin mota, taswira a kunne, caja a jone, rana na dukanta daga Jidda zuwa Makka in dawo. Wata takwas aka yi, wata safiya na ajiye ta a kan tebur na ga tana lilo kamar kwanon da gindinsa ya lotsa. Da na juya ta, murfin baya ya ɗaga har farce yana shiga, batir ya kumbura kamar gurasa. Ban yi afdet ko ɗaya ba a watannin. Ke ma ki duba yadda kike yi: waya cikin rigarta mai kauri, a jone da fawa bank, a cuse cikin jaka tsakanin ledojin kaya, ana yawo a Shara Mansur da tsakar rana. Caji yana haifar da zafi, jaka ta riƙe shi, rana ta ƙara nata. Ki riƙa cire rigar wayar in za ki yi caji, ki yi shi a ɗaki mai sanyi, kuma kada ki yi kiran bidiyo tana jone.

In ta kai ga canjin batir, nan ma akwai bambanci. iPhone takan gane batirin da ba nata ba, ta rubuta miki cewa ba ta iya tabbatar da shi ba. Samsung shiru take yi, a sa maka na kirki ko na banza ba za ka sani ba sai ka fara amfani. Na taɓa bin araha a wani shago, batirin ya nuna 40, na ɗaga kira, wayar ta ɗauke ɗif. Ki je wurin da kamfanin ya amince da su ko da ya fi tsada, ki karɓi rasit. Kowane hali, kuɗin batir bai kama ƙafar kuɗin sabuwar waya ba, balle asarar da za ki yi in kin sayar da mai raunin batir, don mai saye ma shafin nan zai fara buɗewa ya karya miki farashi.

Da a ce yau za ki sayi waya daga farko, kika ce mini yini kike a waje cikin rana, zan ce ki ɗauki mai babban batir da iyakar caji, ko da Samsung ce matsakaiciya. Amma barin wadda kika saba da ita saboda kwana huɗu, a'a. Nan gaba kuma, ke da Alhaji duka, ku kashe afdet mai sauka da kansa, ku bar sabo ya yi mako biyu ko uku a hannun masu gaggawa har gyaransa na farko ya fito, sannan ku sauke. Kada a yi shi ana gobe baƙi za su sauka, ko ana buƙatar Nusuk, manhajar izinin shiga, a bakin ƙofar Rauda.

Ki ba ta zuwa Juma'a mai zuwa tana kwana a caji. Kafin nan ki ɗauko hoton shafin lafiyar batir ɗin ki turo mu gani. In 85 ne zuwa sama, manhaja za mu bi mu kamo mai laifin. In 70 da wani abu ne, Alhaji ya shirya kuɗin batir.