Cin abinci a Puerto Vallarta: rumfar titi ko gidan abinci na bakin teku

Wanda ya sauka a Puerto Vallarta, garin shaƙatawa da ke jihar Jalisco a gaɓar tekun Fasifik ta ƙasar Meziko, yana iya cin abincin darensa a gidajen abinci da ke jere a Malecón, wato doguwar hanyar masu tafiya da ƙafa da ke bin bakin ruwa, ko kuma ya shiga lunguna ya tsaya a rumfunan taco, wato nama ko kifi da ake naɗewa a cikin faifan masara, inda mutanen gari suke ci.

Gidajen abincin suna da kujera mai daɗi da damar kallon faɗuwar rana a kan mashigin Banderas, amma kuɗinsu yana da nauyi, kuma al'ada ce a ƙara wa ma'aikaci tukwicin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Rumfar titi ita ce ta fi kwanta mini a rai. A gabanka ake gasa nama, a ɗora shi a kan tortilla, faifan masara mai laushi, kai kuma ka zuba albasa da miyar barkono ka matsa lemun tsami yadda kake so, kana tsaye tare da direbobi da ma'aikatan otal da suka taso daga aiki. A rairayin bakin teku na Los Muertos kuwa ana yawo da kifi gasasshe a tsinke, kamar tsire.

Sai dai Musulmi ya kula, domin nau'in taco da ake kira al pastor naman alade ne, kuma sau da yawa da kitsen alade ake soya wake. A gidan abinci akwai takardar jerin abinci da ke sauƙaƙa tambaya, a rumfa kuwa kifi da jatan lande sun fi kwanciyar hankali.