Wane fanel za ka saya kafin ka haɗa akwatin kiɗa na MIDI da hannunka?

Ƙanena da ke karatu a Samaru ya shigo gida da Arduino Uno, ɗan fanel ɗin lantarki da ake rubuta wa kod, a leda, bakinsa har kunne, wai zai haɗa akwatin buga ganguna a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, ya huta da roƙon kibod a situdiyon abokinsa. Kwana biyu yana jona wayoyi. Maɓallai takwas, bolum huɗu, komai ya zauna daram. Da ya soka kebul a laftof, kwamfuta ta ga fanel ɗin, amma FL Studio ko kallo bai ishe ta ba. "Yaya, ko kod ɗin ne na ɓata?" Na karɓi fanel ɗin na duba ɗan IC ɗin da ke dab da bakin USB. An rubuta CH340. Na ce masa kod ɗinka lafiya lau, tun a shago aka yi kuskuren.

MIDI, wanda aka fito da shi a 1983, saƙo yake kaiwa, ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Idan ka danna maɓalli, akwatinka zai ce wa kwamfuta "an buga nota ta 60 da ƙarfi 100 a tasha ta 1", ita kuma ta fitar da sautin fiyano ko ganga. Tashoshi 16 ne, lambobin kuma daga 0 zuwa 127. Aikin bai fi ƙarfin mafi raunin fanel a kasuwa ba, don haka kada mai shago ya ruɗe ka da zancen gudu ko girman ƙwaƙwalwa. Abu biyu za ka tambaya: in an soka shi, kwamfuta za ta ɗauke shi a matsayin kayan kiɗa kai tsaye? Kuma ƙafafu nawa gare shi, wato wuraren jona waya, masu karanta bolum?

Uno da Nano su ne aka fi gani a hannun ɗalibai, kuma a tambaya ta farko suke faɗuwa. IC ɗinsu, ATmega328P, bai iya magana da USB da kansa ba, sai da tafinta. A Uno na asali tafintan shi ne ATmega16U2, wanda ana iya sake masa manhaja ya koma MIDI, sai dai da yawancin irin waɗannan manhajojin, duk sanda za ka gyara kod sai ka mayar da tsohuwar tukuna. Kwafin da ke zuwa da CH340 a matsayin tafinta kuwa ko wannan ƙofar babu. Abin da ya rage maka shi ne ka kunna manhajojin Hairless MIDI da loopMIDI a Windows su riƙa yi maka dillanci. Yana aiki, na gwada. Amma ranar da mawaƙi ke tsaye gaban makirfo, kai kana neman wace taga ce ta rufe kanta, za ka gane abin da nake gudu.

Duk da haka ban ce a jefar da Uno ba. Idan kana da tsohon kibod mai soket zagaye mai ramuka biyar a bayansa, da shi Uno ke shiri. Soket ɗin DIN ɗaya, wato irin mai ramuka biyar ɗin, rizista biyu masu 220 ohm, ka saita gudun saƙo a 31,250, shi ke nan, ba ruwanka da kwamfuta.

Wanda nake cewa mai farawa ya saya shi ne duk fanel ɗin da ke ɗauke da ATmega32U4: Arduino Leonardo, Arduino Micro, ko ɗan ƙaramin nan Pro Micro. Wannan IC ɗin USB ɗinsa a cikinsa yake. Ka sa tarin kod na MIDIUSB ko Control Surface, ka soka kebul, sunansa ya fito a jerin kayan kiɗa kamar wanda aka sayo a kwali. Leonardo na da ƙafafun bolum 12, Pro Micro 9, sun ishi akwatin farko har da saura. Galibinsu da 5V suke aiki, kuma yawancin bayanan koyo da za ka samu a intanet a kan 5V aka rubuta su.

Pro Micro na da halaye biyu da ya kamata ka sani tun kafin ka biya kuɗi. Iri biyu ne, akwai mai 5V da 16 MHz, akwai mai 3.3V da 8 MHz, kuma a ido kusan ɗaya suke. In ka zaɓi wanda ba shi ba a manhajar Arduino ka tura kod, kwamfuta za ta daina ganinsa, ka ɗauka ya ƙone. Bai ƙone ba. Ka taɓa ƙafar RST da GND sau biyu da sauri, zai ba ka daƙiƙa takwas ka tura kod na daidai. Na biyu, bakin micro USB ɗinsa dalma kaɗan ce ke riƙe da shi, fizga ɗaya sai ya biyo kebul. Ka nemi mai bakin USB-C, in ba ka samu ba ka ɗiga masa gam mai ƙarfi a gefe da gefe, ka kuma ɗaure kebul ɗin a jikin akwati.

Raspberry Pi Pico ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, kuma har yanzu da wuya a samu abin da ya kai shi araha da irin ƙarfinsa. Ƙafafu 26, USB nasa na kansa. In ka sa masa CircuitPython, manhajar da ke ba ka damar rubuta kod da yaren Python, zai bayyana a kwamfuta kamar filashi, ka buɗe fayil ɗin code.py ka gyara ka adana, nan take ya fara aiki. Ga wanda yaren C na Arduino ke sa masa ciwon kai, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Inda yake da rauni, ƙafafun bolum uku kacal ya fitar, GP26 zuwa GP28, kuma 3.3V yake ɗauka, ka ba ƙafarsa 5V ka yi asara. In akwatinka na maɓallai ne zalla, Pico ya fi kowa. In kana son bolum goma sha shida kamar ƙaramin miksa, sai ka ƙara CD74HC4067, wanda ke tara bolum 16 a ƙafa ɗaya. Shi ma ba tsada, amma wayoyi za su ƙaru, wuraren kuskure ma haka.

Teensy 4.0 na gudu a 600 MHz, kuma MIDI a wurinsa zaɓi ne kawai a cikin jerin saituna. Kaya ne mai kyau, amma kuɗinsa ya ninka na Pico sau da yawa, ga jiran saƙo daga waje. Sai in kana son akwatin ya riƙa fitar da sauti da kansa. ESP32 kuwa a kula da suna: na farkon ba shi da USB na kansa, ta Bluetooth yake aika MIDI, ESP32-S3 ne ya haɗa duka biyun.

Sauran kayan su ma suna da tarko. In ka je wurin masu kayan rediyo a Sabon Gari ka ce bolum, mai yiwuwa a miƙo maka mai rubutun A10K, wanda aka yi domin ƙara murya: rabin farko kamar bai motsa ba, ƙarshe ya zabura. B10K za ka nema, mai tafiya daidai wa daida. Ni na fi son na murɗawa a kan na turawa, domin na turawa bakinsa a buɗe yake, hunturu ɗaya na Zariya ya ishi ƙura ta sa lambobi su fara rawa. Ko sabo ma yakan yi rawa kaɗan. Fanel na Arduino yana karanta 0 zuwa 1023, MIDI na son 0 zuwa 127, sai ka raba da takwas, ka hana kod aika saƙo sai lamba ta canja da gaske, ka sa kafasita 100nF tsakanin ƙafar tsakiya da GND. Kebul ma ka gwada shi a shago, da yawa na caji ne kawai, babu wayar saƙo a ciki.

Ga abin da ya sa nake ganin wahalar ta cancanta. Faifan fiyezo, irin wanda ke ƙara a agogon hannu, in ka manna shi ƙarƙashin roba ka sa rizista 1M a tsakanin wayoyinsa, ya zama fatar ganga mai jin ƙarfin duka. Amma kalangu ba duka kaɗai ba ne. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka gangar ke kiran sunan mutum. Akwatunan kanti masu maɓallai murabba'i ba a yi su da wannan a zuciya ba. MIDI kuwa na da saƙon lanƙwasa murya mai matakai daga 0 zuwa 16,383, tsakiyarsa 8,192. Ka sami FSR, ɗan faifan da ke auna matsi, ka sa shi cikin ƙaramin matashi ka maƙale a hammata, ka haɗa karatunsa da wannan saƙon. Fiyezo ƙafa ɗaya, FSR ƙafa ɗaya, ko Pico mai ƙafafu uku ya ɗauka.

Wutar da akwatin ke ci daga USB take zuwa, don haka ko an ɗauke wuta batirin laftof ya isa, kuma wayar Android daga 6.0 zuwa sama tana karɓar MIDI ta kebul ɗin OTG, mai jona kayan USB da waya. Narka dalma ne ke buƙatar wuta, in ba ka da ƙarfen, mai gyaran waya zai liƙa maka ƙafafun cikin ɗan lokaci.

Ƙanena dai Pro Micro mai USB-C ya yi oda. Uno ɗin ya sa masa soket ɗin DIN ya kai situdiyon abokin nasa. Matashin hammatar an ɗinka shi da ƙyallen tsohuwar shadda, kuma har jiya da dare ina jin sa ta taga yana rage lambobi, wai murya na hawa tun kafin ya matse.