Kafin ka sayi gurup a Damagaram, leƙa wayar cikinsa

Da zafin Afrilu da Mayu ya kama, wuta ta shiga ɗaukewa, kowa sai ya tuna da gurup, wato injin ba da wuta. Masu sayarwa kuwa fenti suke nuna maka da ƙarar inji, alhali ba injin ke haifar da wutar ba. Aikinsa juyi kawai. A bayansa akwai maganaɗisu da ke juyawa cikin naɗin waya, kuma wannan juyin ne ke tura lantarki cikin wayar, dabarar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831.  Ke nan kuɗinka a naɗin nan suke.

Ɗan ƙaramin nan da ake haɗa wa esansi da baƙin mai, na fitila ne da cajin waya, sai hayaƙi. Na gazuwal na masu walda ne da injin niƙa. Mai inbata, wanda katin lantarki ke daidaita wutarsa, shiru gare shi, amma ran da katinsa ya mutu ka nemo mai gyara ka gani.

Ni dai nawa shi ne na esansi mai gidan baƙin mai daban, mai ƙarfin kVA 2.5 zuwa 3, naɗin tagulla zalla, da AVR mai daidaita wuta. Yana ɗaukar firigo da fankoki da telebijin ba ya nishi, kuma makanikai sun san cikinsa, kayan gyaransa ba su wuya. Kada dai ka cika masa kaya, don firigo in zai tashi yana jan ninki uku ko fiye na abin da yake ci.

To, ga inda ake cutar mutane: wani gurup ɗin da wayar alminiyam ake naɗa shi. Alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na tagulla wajen ɗaukar wuta ba, yana saurin zafi, mahaɗarsa na kwancewa. Sai a shafe shi da jan launi a ce maka tagulla ne. Haka aka yi mini, naɗin ya ƙone da tsakar rana, ƙanƙarar da uwargida ke sayarwa ta koma ruwa. Ka je da makanikenka, ba yaron shago ba, ya buɗe murfin baya ya kankare bakin waya da wuƙa: in fari ya leƙo, ka kama hanya. Ka ɗaga shi ma, na alminiyam bai da nauyi. Takardar Honda da aka liƙa a tanki ba shaida ba ce, lambar wat da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jiki ma haka. A tayar da shi a gabanka, a jona dutsen guga, a sa mita. In allura ta faɗi ba ta dawo ba, ko an rantse maka kada ka biya.

Kuma in ka kai shi gida, tsakar gida ne wurinsa, nesa da taga. Hayaƙinsa na kashe mutum cikin barci.