Batir ne ko kik? Ga yadda za ka bambance su

Ɗan uwa daga Jidda, ka ce Camry ɗinka wata rana da murɗawa ɗaya take tashi, wata rana kuma sai ta yi "ƙas" ta yi shiru, har wani mai shago ya ce ka sayi sabon batir. Dakata tukuna, kada ka zaro riyal ɗinka.

Ran da ta ƙi tashi, kunna fitilar cikin mota, ka murɗa makulli kana kallonta. In batir ne, fitilar za ta dushe kamar za ta mutu, ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, ko injin ya juya da ƙyar. In kik ne, wanda 'yan sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, ke kira salf, fitilar tana nan fes, ƙas ɗin kuma guda ɗaya ne. Lokacin ma ya bambanta. Batir mai rauni da safe yake kunyata mutum, bayan mota ta kwana a ajiye. Kik kuwa ya fi yin gardama idan injin ya ɗau zafi: ka taso daga Makka lafiya lau, ka tsaya shan mai, shi ke nan ta ƙi. Ka roƙi wani ya jona maka waya daga motarsa, abin da ake ce wa ishtirak. Mai matsalar batir nan take za ta tashi, mai matsalar kik ko gezau.

In kana son tabbaci, kowane mai gyaran wutar mota yana da mita. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan mota na kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da ake murɗawa. Injin na aiki, a ga tsakanin 13.5 da 14.5, in bai kai ba, dinamo ne ba ya caji, kuma sabon batir ɗin ma zai bi sahun tsohon.

Ni dai a yadda ka kwatanta, ban zargi batir ba, sai fa in ya haura shekara biyu, don zafin ƙasar nan ba ya barin batir ya tsufa. Batirin da ya mutu ba ya farfaɗowa da kansa washegari. Na fi zargin kik, ko kuma kawunan batir. Ni kaina na taɓa sayen sabo a banza. Da na buɗe bonet daga baya, sai ga farin gari mai kore-kore ya lulluɓe kan batir, na kama wayar da yatsa biyu tana juyawa. Danshin Jidda yana taimaka wa wannan tsatsar. Ruwan zafi da sifana lamba 10 suka gama aikin.

In kawunan suna ɗaure tsaf, sa wani ya ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙarfe kana murɗawa. Ta tashi? To wataƙila burushin ciki ne ya cinye, a sana'iyya ka ce musu fahmat, ana canja su ba sai an sayi kik gaba ɗaya ba. Kafin ka je ma, taka birki ka mayar da giya N ka gwada. In ta tashi a N ta ƙi a P, maɓallin giya ne.