Wasiƙa daga Guangzhou kan Jinyar Kawu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya a Jos, ina yi wa Kawu sannu, Allah Ya ba shi lafiya. Na samu saƙonka cewa gwaji ya tabbatar da ciwon daji a hanyar abincinsa, kuma kana tambaya ko in aiko da maganin gargajiyar ƙasar Sin domin a huta da tafiya Abuja gashi, wato jinyar da ake yi da na'urar da ke haska ƙarin dajin don ƙona shi.

Na sha raka 'yan uwanmu asibiti a nan don yi musu tafinta, saboda haka abin da zan faɗa maka na gani da idona. Wannan ciwo sananne ne a wajensu, domin kusan rabin masu kamuwa da shi a duniya a ƙasar Sin suke, musamman a yankin Linzhou na lardin Henan. Duk da haka ban taɓa ganin likitan da ya ajiye gashi ya koma kan ganye kaɗai ba. Gashin ne ke ƙona ƙarin, ana yin sa kwana 5 a mako har kimanin mako 5 zuwa 6, galibi tare da ruwan kemo, wato maganin daji da ake sawa ta jijiya. Su kuma saiwoyi irin su huangqi, ana ba da su ne da niyyar tallafa wa jiki, lokacin da zafin haɗiya da kasala da rashin cin abinci suka taso daga mako na 2 ko na 3.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin. Sashen gargajiya yana cikin asibitin, likitansa yana karanta fayil ɗaya da likitan gashi, a auna kowace saiwa da sikeli, a dafa, a rufe a leda da sunan mara lafiya, sannan a riƙa duba jininsa don a ga halin hanta da ƙoda. A gida kuwa jiƙo ake kawowa a jarka ba tare da an san abin da ke ciki ba, mara lafiya kuma ya ɓoye wa likita don gudun faɗa. Wannan ɓoyon nake jin tsoro, domin akwai tsirran da ke rage ƙarfin kemo, akwai kuma masu lalata ƙoda. Ko lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da daji.

Don haka ba zan aiko da komai ba sai likitan Kawu ya amince, kuma ban ga dalilin kawo shi nan ba, ganin cewa baƙo shi ke biyan komai daga aljihunsa, ga biza ga masauki. Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana da na'urar gashi, ku nemi layi tun yanzu, ku kuma kama masauki kusa, domin tsallake ranaku yana rage amfanin aikin. Duk sassaƙen da dangi suka kawo, a nuna wa likita tukuna.

A kula da cin abincinsa ƙwarai: kunun gyaɗa, madara, ƙwai, faten dankali mai laushi, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Na san sanyin Jos da yadda Kawu ke son shayi yana tururi, amma a bar shi ya huce, domin tun 2016 hukumar binciken daji ta duniya ta sa abin sha da ya wuce digiri 65 na ma'aunin Celsius cikin abubuwan da ake zargi da haddasa wannan ciwo, balle kuma ga maƙoshin da ake gasawa.

Ka turo mini hoton takardar gwajin da ranar da aka ba ku. Kuɗin mota da masauki zan turo ranar Juma'a, in Allah Ya yarda.

Ƙaninka.